Kwamfutar da Waldemar Ya Hana a Kashe

Waldemar Techera mutum ne mai girman kai, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye shi ba. Ba kyau gare shi ba, ba dukiya ba. Abin alfaharinsa wata tsohuwar kwamfuta ce mai launin toka da ke ƙarƙashin matakala a ofishin ƙungiyar masu madara ta San José. Ita ke karɓar nauyin kowace tanka daga sikeli, ta buga takardar da direba zai nuna kafin a bar shi ya juye madararsa. Da hannunsa ya sa mata manhajar Linux, kuma shekara goma sha ɗaya ba a kashe ta ba ko sau ɗaya.

Kowace safiya, kafin ya gaida kowa, sai ya leƙa allonta ya faɗi yawan kwanakin da ƙarfi.

"Dubu huɗu da goma sha biyu."

"Mu ma lafiya lau muka kwana, tunda ka tambaya," in ji Zulma Bentancor, wadda ta shekara ashirin tana karɓar takardun direbobi a tebur ɗaya da shi.

Waldemar ɗan mai gyaran rediyo ne. A bakin sikeli ya fara aiki, da biro a bayan kunne, ya koyi Linux daga fayafayan da ake liƙawa a mujallu, babu wanda ya aike shi. Tun daga nan ya zama mai ra'ayi a kan komai. Allon rubutun da ba ya ƙara idan an danna shi, a wurinsa abin wasa ne. Kwamfutocin hannu na zamani da ake manne su da gam kuwa, gwangwanin kifi yake kiransu. Shekarar da aka yi wa ofis fenti, ɗora kwamfutar ya yi a baro tare da batirinta, tana kunne, ya tura ta ɗakin gaba yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwai, Zulma na riƙe da wayoyin tana zaginsa ƙasa-ƙasa.

Sai aka kawo sabon manaja daga Montevideo, Injiniya Larrosa, mai son taron safe a tsaye. A satinsa na farko ya ce a cire tsohuwar kwamfutar. Kwamitin makiyaya ya yanke magana a taƙaice: muddin tankoki ba su wuni a tsaye har tsakar rana saboda ita ba, a ƙyale ta. Ranar da hakan ta faru, ta tafi, ita da mai ita.

Zulma ce ta fara lura batirin ya kumbura.

"Tsoho, abin nan yana wari. Ka canja shi."

"Sai an kashe ta ake canja shi."

"To a kashe mana. Uwarka ce?"

Bai ko ɗaga kai ba.

Wata Talata cikin Janairu, tsakiyar bazara a ƙasar, zafi ya yi zafi, fankoki duk suna juyawa, wani ya jona buta don ruwan mate, shayin ganyen da suke sha a can. Wuta ta ɗauke, ta dawo kafin a ƙirga uku. Batirin bai riƙe ko ɗaya daga cikin ukun ba. Allon ya yi baƙi.

Waldemar ya tsaya a gabanta hannu a rataye. Ba tankoki ya fara tunawa ba.

"Dubu huɗu da tamanin da shida," ya ce, kamar mai faɗin shekarun mamaci.

Kwamfutar ta tashi cikin minti uku, sai dai ko takarda ɗaya ta ƙi fita. Nan asirinsa ya tonu. Duk gyaran da ya yi mata a shekarun nan, yi ya yi tana kan aiki, bai taɓa adana shi inda za ta karanta idan ta farka ba. Don me zai adana, tunda ba za ta taɓa kwanciya ba? Sai ga ta ta farka tana neman firintar da aka jefar shekara bakwai da suka wuce, tana jiran muryar sikelin da aka sayar wa 'yan gwangwan.

Ƙarfe tara, tankoki tara ne a layi cikin rana. Heber, direban da ke gaba, ya leƙo ta taga.

"Maigida Waldemar, madara muka kawo ko cuku kake so mu kai gida?"

Larrosa ya shigo. Kujera ya jawo, ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur inda kowa zai gani.

Waldemar yana danne-danne, gumi na ɗiga a kan allon rubutu, ya gyara nan, can ya ɓalle. Ya san ya taɓa warware kowace matsala, amma yaushe, da yaya, sun bi iska. Zulma ta zuba masa ido har goma saura, sannan ta ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta zauna kusa da shi.

"Bar danne-dannen nan. Yaushe aka canja firinta?"

"Ban sani ba."

"Ka sani. Shekarar ambaliya ce, ka zo aiki da takalmin roba, ka wuni kana tsine wa wanda ya ƙera ta."

Sai yatsunsa suka tuna abin da kansa ya manta. Haka suka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Sikeli, watan da aka yi wa matarsa aikin ido. Lambobin sababbin tankoki, satin da ya ƙi yi wa kowa magana don an sayo linzamin kwamfuta marar waya. Ita ba ta san Linux ba, amma babu ƙorafinsa ɗaya da ta manta, don a kunnenta ya juye su duka. Yana faɗa tana rubutawa, kuma duk gyaran da ya yi aiki sai ta buga tebur.

"Adana shi. Ina kallo."

Sha biyu saura ashirin takardar farko ta fito. Heber ya karɓa ya sumbace ta. Tankoki takwas suka juye lafiya. Madarar tanka ta tara, ta wata bazawara mai shanu goma sha huɗu, ta riga ta yi tsami, kuma Waldemar da ƙafarsa ya je gonarta ya faɗa mata laifin wane ne. Ba ta ba shi kujera ba.

Larrosa ya kai ƙara gaban kwamiti. Kwamiti ya ce tsakar rana aka ce, kuma ba ta yi ba, amma ya gindaya sharaɗi: duk Litinin da safe a kashe kwamfutar a sake kunnawa, a gani da ido tana tashi da hankalinta.

Waldemar ya sa hannu bai yi musu ba, abin da Zulma ta ce ba ta taɓa gani ba. Da zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo gare ta da Larrosa.

"Alfarma ɗaya nake nema. Ku riƙa kashe ta ku biyu. Amma ku bari in ɗauki fulas ɗina in kai bakin sikeli tukuna, kuma kada wanda ya kira ni sai ta tashi."