Keken Ɗinkin Babana

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma a Gidan Rumji kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi gaban mutane. Babana kuwa, tela ne a bakin kasuwa, bai san wannan zance ba. Sunana yake kira gatsal, har mai nama na tsallaken hanya ya ji. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko leƙa shagon na yi sai ya ɗage ƙafa daga keke, ya juyo gaba ɗaya, ya ce, "Ina jinki."

Wai a wurin wani Bayahude ya koyo, mai haƙa rijiyoyi da ya yi wa aiki yana saurayi wajen Agiye. Mutumin ko yana tsakiyar awo, ɗansa ya zo, sai ya aje igiya ya durƙusa. Baba ya tambaye shi dalili, ya ce haka iyayensu suka koya musu: aiki zai jira ka, yaro kuwa girma yake yi. Sau nawa na ji labarin nan, har na ƙi jinin mai rijiyar da ban taɓa gani ba.

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu, ɗinki ya yi wa Baba yawa. Kowace jam'iyya da atamfarta, kowa yana son rigarsa kafin mitin, wato taron jam'iyya. Wata rana na taso daga lakol, makarantarmu ta boko, mushe malaminmu ya yaba rubutuna, na biya shago da allona. Na iske manyan mutane cike da benci suna jiran riguna, mota tana jiransu. Na juya zan gudu, amma ina, ya riga ya gan ni. Keke ya tsaya. Ya karɓi allon yana juya shi, shi da bai iya karatun boko ba, yana cewa in karanta masa.

Wani dattijo mai jar hula ya ce, "Malam tela, ɗiyar fari ce fa. Ba ka jin kunya?" Aka fashe da dariya. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Suka kwashe sauran atamfar suka kai wa wani tela, wanda na tabbata ba ya sauraron kowa.

Da yamma yana alwala na tsaya bayansa. Na ce, "Baba, don Allah ka riƙa yi mini kamar yadda ake yi wa kowa. Kana ba ni kunya." Ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafa ɗaya. Ya ce, "To."

Ya kuwa cika. Sunana ya ɓace daga bakinsa, na koma "yarinyar nan". In na kai masa fura, keke ba ya tsayawa, kansa a sunkuye. Na samu abin da na roƙa, sai ga shi ba daɗi ko kaɗan. Nakan tsaya bakin ƙofa ina ba almajirin ɗinkinsa labarin lakol da ƙarfi, ina jin haushin ƙarar keken nan, girman kai kuma ya hana ni in ce na tuba.

Ran nan ina cikin surutuna, ina ba almajirin labarin mushe, ƙwaryar fura ta kusa zamewa, na matsa ciki in aje ta kusa da ƙafarsa. Da na ɗago, idona ya faɗa kan keken. Allura tana hawa tana sauka, babu zare a cikinta, babu ko ƙyalle a ƙarƙashinta. Rigar da yake ɗinkawa tana ninke bisa cinyarsa. Na bar labarin a tsakiya.

Bai dube ni ba, ƙafarsa ba ta daina taka keken ba. Ya ce wa almajirin a hankali, "Tambaye ta, daga nan sai mushen ya ce me?"