Malam Juya Ya Tafi, Amma Munira Da Kanta Za Ta Rubuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na 1446, daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Badaru Salihu Basirka a asibiti a Birnin Kudu, bayan ciwon da ya daɗe yana ɓoye mana. Wanda bai san sunansa na yanka ba, ya san Malam Juya, malamin Turancin da ya yi furfura a sakandaren garinmu. Ni Rahamatu ɗalibarsa ce, haka ma 'yata Munira, wadda za ta rubuta jarrabawar fita bana.

Malam, mu muka laƙaba maka sunan nan, ka sani, ka ƙyale mu. Ba mai shiga ajinka sai ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi abu ɗaya da ya faru a gidansu, da Turanci. Da ya faɗa sai ka nuna na bayansa da alli ka ce, "Juya." Wannan ya mai da zancen tambaya, wancan ya kore shi, wata ta faɗe shi kamar a bakin wani ta ji, wani ya fara da wanda aka yi wa abin. Sai jimla ta zaga ajin kaf kafin ka sake ta. Kakan ce waina ba ta nuna da gefe ɗaya, wanda kuma bai iya juya zance ba hadda kawai ya yi.

Ba kowa ya so haka ba. Ranar da na faɗi cewa akuyarmu ta cinye waken maƙwabcinmu, kafin azahar akuyar nan ta zaga Basirka da Turanci iri-iri. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya taso makaranta yana huci, wai ka koya wa yara gulma da yaren nasara. Ka ba shi kujera, ka sa na maimaita masa duka. Ya saurara, bai gane ko kalma ɗaya ba, ya tashi ya ce, "To, ai ta ci waken." Daga ranar bai sake hana ni zuwa ba.

Idan damina ta kankama aji ya koma rabi, ba ka zama kana zagin iyaye. Sai mu hango ka bisa tsohon babur ɗinka a bakin gona, ka naɗe wando ka biyo mu kunya kunya, muna noma kana jefo jimla muna juyawa. Da wannan Turancin na gona na shiga makarantar ungozoma, ba wanda ya riƙe min alƙalami.

Ga abin da ya hana ni yin shiru. A zaman makokinka, ko sadakar uku ba a yi ba, Alhaji Jafaru, yayan mijina, ya sa aka kirawo ni zaure. Ya ce, "Rahamatu, tunda Malam ya rasu, a kai Munira makarantar nan ta bayan gari, inda ake rubuta musu amsa a allo. Turanci ba a yi masa taurin kai." Ashe ba shi kaɗai ba ne, iyaye da yawa sun gama shawara, mutuwarka kawai ake jira. Kai ne ƙayar da ta tsaya musu, domin kunyar idonka ta hana su. Raina ya ɓaci, Malam, ya ɓaci ƙwarai.

Na durƙusa kamar yadda ya kamata, na ce, "Yaya, a yi haƙuri, Munira ba ta zuwa." Ya ce idan ta faɗi fa? Na ce ta sake zama baɗi. Mijina da ke zaune a wurin ya gyaɗa min kai, alamar goyon baya. Ni nake karɓar haihuwa, na san abin da mai takardar ƙarya take yi idan ta tsaya a kan mace mai naƙuda. Masu cewa 'ya'yan manoma ba sa cin Turanci sai an ɗora su, su zo su gaya min a fuskata.

Ba na cewa Munira za ta ci, wannan sanin Allah ne. Tsoro kam ina ji, ita ma tana ji. Amma jiya na kai sunanta makarantarka don rajistar jarrabawa, ita da ƙawayenta biyu waɗanda iyayensu suka sake tunani.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya zama sadaka mai gudana. Inna Jummai, mai ɗakinsa, da 'ya'ya da jikoki da jama'ar Basirka da Gwaram baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Ku kuma sa 'yan matan nan uku a addu'a, domin za su shiga ɗakin jarrabawa ba mai raɗa musu komai.