Mai Gadin Rana a Barandar Asibiti

Wata mata tana zaune a barandar asibiti, gyalenta ya zame, idanunta jajur. Daga wayar da take yi na gane aikinta: sa ido a kan rana, da hasashen lokacin da aman wutarta zai iso duniya ya durƙusar da lantarki.

"Gobe ne ko jibi," take cewa. "Wannan karon babba ne."

Sai ta tare wata nas. "'Yar'uwa, janaretanku akwai mai? Babana da na'ura yake numfashi."

"Haba baiwar Allah, ko hadari babu a sama!" in ji nas ɗin.

Matar ba ta musa ba, da alama ta saba. Tana tsaye yanzu bakin taga, tana kallon siririyar igiyar lantarkin da ta haɗa numfashin tsohon da bango.