Siririn Harsashin Yayanmu

Babanmu manomi ne, bai taɓa riƙe ƙaramar bindiga, wato fistol, ba, amma tun da yayanmu ya shiga soja ya koma malamin harsashi. Abokin gardamarsa wani tsohon soja ne, maƙwabcinmu a Batsari, mai ɗingishi da bakin tsiya. Kullum bayan la'asar suna kan tabarma a ƙofar gida.

"Fistol ɗin zamaninmu harsashinta mai kauri ne," in ji tsohon sojan. "Ɗaya tak, ƙato ya kwanta. Wannan siririn da ake bai wa yaran yanzu kuwa, ƙwayar gyaɗa! Ya huda mutum ya wuce, mutumin na nan tafe kanka."

"Kai dai ka iya cika baki," in ji Baba. "Siririn ya fi gudu, ya fi yawa a ciki, ba ya fizge hannu. Taka in ta ƙare sai dai ka jefi mutum da ita."

Ni wallahi haushi suke ba ni, ina tsintar wake a zaure suna cika mini kunne. Amma na san inda Baba ya dosa. Siririn ne a ƙugun yaya, kuma yaya ɗan fari ne: Baba ba ya faɗin sunansa, ba ya tambayar lafiyarsa gaban mutane. Tsoro ne fal cikinsa, harsashin kawai yake iya karewa.

Da damina labari ya zo an yi wa sojoji kwanton ɓauna a dajin wajen Safana, har da motar da yaya ke tuƙawa. Waya ta ƙi shiga. Gardama ta mutu murus. Tsohon sojan ya zo ya zauna ya tashi. Inna ta daina cin abinci. Duk babur ɗin da ya tsaya, sai in leƙa waje.

Ranar kasuwa da azahar wani babur ya tsaya. Yaya ne! Ya rame, hannu a naɗe, amma da ƙafarsa ya sauko. Na kurma ihu, wake ya watse.

Ya durƙusa ya gai da Baba. Baba ya kau da kai ya ce, "An zo lafiya?" kamar ga baƙo. Sai ya juya ga tsohon sojan da ke zaune gefensa: "To, ƙwayar gyaɗar ce ta dawo da shi!"

Yaya ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Daga baya ya gaya mini ko zaro bindigar bai yi ba, rarrafe ya yi cikin gonar dawa har ya tsira. Tsohon sojan ya riga ya gane, ya zunguri yaya da sanda don kada ya faɗa.

"Na yarda, malam," ya ce wa Baba, yana share ido da hularsa. "Siririn ya fi."