Rigar Aro a Gindin Dabino

Lokacin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, duk Dutse babu mai hawan dabino kamata. Wata rana wani tafinta ya ce wani Bature zai ɗauki hotona, a buga a jaridar ƙasarsu, mutanensu su ga yadda muke sana'a.

Washegari na ari babbar riga da rawani wurin Kawu, na tsaya a gindin dabino ina hura hanci. Bature ya dube ni, ya nuna sama. Na kama hawa, riga ta harɗe ni, na sulalo ƙasa. Ƙanena, daga shi sai bante, ya haye abinsa.

Shi aka ɗauka. Ni kuwa tafinta ya ce, "Malam, matsa gefe, rawaninka ya tare dabinon."