An Cire Sunan 'Yar Uwar Ɓeraye

An cire sunan 'yar Uwar Ɓeraye daga jerin waɗanda za a gwada wa sabon magani. Dalili, wai uwarta ma'aikaciyar wurin ce.

Shekara goma sha bakwai ke nan matar nan tana aiki a ɗakin binciken da ke neman maganin ciwon nan na ƙwaƙwalwa, mai ɗaga mutum har ya ga duniya ta yi masa kaɗan, sannan ya maka shi da ƙasa. Ita ke wanke kejin ɓerayen gwaji, ta zuba musu sabon garin katako, ta cika kwalaben ruwansu. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida. Ɓeran da ya daina cin abinci ita ke fara ganewa. Farfesan da ke shugabantar binciken kuwa sai bayan kwana biyu na'ura ta gaya masa, ya zo yana ba ta labari.

'Yar tata tela ce, kuma ciwon nan ne da ita. In ya taso, sai ta ɗinka riga bakwai ba wanda ya sa ta, ta rabar a titi. In ya kwantar da ita, wata guda fuskarta na kallon bango. Tsohon maganin yana riƙe ta, amma ya sa mata rawar hannu, ko zare ba ta iya zurawa a allura, masu kawo ɗinki har sun fara janye jiki. Sabon kuwa, uwar ta ga ɓerayen da aka ba wa da idonta, ba mai karkarwa ko ɗaya.

Da aka ce za a fara gwaji a kan mutane, uwar ce ta fara karɓo wa 'yarta fom. Bayan mako uku sakataren wurin ya kira ta ofis, har da ba ta kujera, abin da ba a taɓa yi ba. Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa ƙa'idar kwamitin gwajin ta hana a sa dangin ma'aikata, don kada a ce an yi son kai.

"Ranka ya daɗe, yaushe na zama ma'aikaciya?"

"Haba Mama, ai ke tamu ce."

Tasu fa. Bara da ɓera ya cije ta a yatsa, daga bakin ƙofa asibitin ma'aikata ya mayar da ita, wai 'yar kwangila ce, ba ta da kati. Ranar ɗaukar hoton shekara kuma ita ake miƙa wa jakunkuna ta riƙe.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi godiyar kujera, ta koma kan kwalabenta. Har yau ba ta iya gaya wa 'yar ba, kullum ce mata take yi ana dubawa.

To, Farfesa da 'yan kwamiti, ku zaɓi ɗaya. In ma'aikaciya ce, ku ba ta kati, likitocinku su duba hannun 'yarta. In ba ma'aikaciya ba ce, ku mayar da sunan yarinyar kafin a rufe jerin ranar Litinin. Ku rubuta amsar a takarda, ku sa hannu.