Shafin da Ke Ɓace wa Baba

Shekaru kaɗan baya, lokacin ina aikin buga takardu a wani shago a Sabon Gari, likita ya gaya mana idon mahaifina raguwa zai ci gaba da yi. A gidanmu na Fagge kuwa akwai littafin da kakana ya rubuta da ajami, tarihin zuwan danginmu Kano daga gabas. Duk zuri'ar, Baba kaɗai ke iya karanta hannunsa.

Na ce wallahi sai na mayar da shi boko tun Baba yana gani. Na ɗauki hoton shafukan, na jona kwamfutata da talabijin ɗin falo. Baba na kan kujera yana karantowa daga babban allo, ni ina ƙasa kan tabarma ina bugawa a ƙaramin.

Sai matsala ta ɓullo. In na danna hoto ya cika allon talabijin, harufa su fito ɓaro-ɓaro. Amma da na taɓa nawa allon zan rubuta, ɓat! Shafin Baba ya ɓace. In na dawo da shi, sai ya sake laluben layin da yake kai, idon na hawaye.

"Ke, wai aljanu ne a cikin abin nan?"

"Baba, yanzu zan gyara."

Ni da ake kira gwanar kwamfuta a unguwa, ina zan kai kaina tambaya? Mako uku ina fama, na canza waya, na kashe na kunna. Ranar da Baba ya cire tabarau ya ce, "Bari kawai, 'yar nan, Allah bai nufa ba," raina ya ɓaci sosai, kuma da kaina nake fushi.

Washegari na hau adaidaita da kwamfutar, na je wurin mai gyara da ke kusa da shagonmu. Ya saurare ni, ya yi dariya.

"Hajiya, ai lafiyarta ƙalau. Manhajar hoton ce haka, in ta cika allo ba ta son a taɓa wani wuri. Daina danna cika allo. Ja hoton zuwa talabijin, ki kama gefensa da maus ki buɗe shi har ƙarshe."

Minti biyu! Kunya kamar in nutse.

Daga ranar shafi ya tsaya cak. Kullum bayan la'asar muke zama, har na rage zuwa shago. Muka yi nisa ƙwarai, amma ido bai jira mu ba. Saura shafi tara Baba ya ce allon ya koma masa fari fat.

Har yau in na tuna makonni ukun nan sai takaici ya kama ni, don da sun ishe mu gama littafin. Tun daga lokacin, in abu ya gagare ni kwana ɗaya, tambaya nake yi ko wa zai yi mini dariya.

Amma ban bar littafin ba. Na zauna gaban talabijin ɗin da kaina, ina zana wa Baba kowane harafi da yatsa a tafin hannunsa, yana faɗa mini abin da kakana ke nufi. Wata biyar muka yi a kan shafi tara. Da na zana kalmar ƙarshe, sai ya damƙe yatsana.

"Tammat," ya ce. "Haka kakanki Malam ke rufe rubutunsa. Rubuta, 'yar nan, kin gama."